Kurarmu ta Kwali da Kifin Spielberg

Mu goma sha ɗaya ne a ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu. Bara, muna aji biyu na babbar sakandare, muka yanke shawarar mu sauka daga dandamali mu yi fim. Fim na minti goma sha biyar, da wayar yayan ɗaya daga cikinmu, wanda za a haska a babban ɗakin taro ranar bikin yaye ɗalibai. Labarin wata kura ce da ta addabi ƙauye da ɗaukar awaki, har wasu yara uku suka ɗaura aniyar kama ta. Sati uku muka yi muna haɗa kurar da kwali da buhu da gam. Muka yanka mata haƙora daga murfin bokitin fenti, muka ɗiɗɗiga mata baƙi a jiki. Mafi ƙanƙanta a cikinmu shi ne zai shiga ciki ya yi rarrafe.

Daren da za a wayi gari mu ɗauki fitowar kura, aka kwana ana ruwa. Mu kuwa a bayan ɗakin gwaje-gwaje muka ajiye ta, ƙarƙashin wata rumfa mai yoyo. Da safe muka tarar kwali ya sha ruwa, muƙamuƙi ya saki, kunne ɗaya ya kwanta. Saura kwana huɗu biki, ba halin sake wata. Muka shanya ta, muka ɗaure bakin da waya, muka ɗauka a haka.

Ranar haskawa, da kurarmu ta leƙo daga bayan bishiyar dalbejiya, sai ɗakin ya kece da dariya. 'Yan aji ɗaya har da masu faɗowa daga benci. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce wannan ai tunkiya ce mai mura. Mu da muka so mu tsorata mutane, sai ga mu muna neman inda za mu ɓoye fuskokinmu. Har aka yi hutu, daraktanmu ba ya wucewa ta gaban wani aji ba a yi masa kukan tunkiya ba.

A taronmu na ƙarshe ya ce shi ya bar fim. Ya ce harkar nan sa'a ce kawai: da ba a yi ruwa ba da yanzu ana yabonmu, kuma manyan daraktocin duniya da ake ta zuzutawa ba su fi kowa komai ba, ruwa ne bai sauka a kan kwalinsu ba. Yawancinmu muka gyaɗa kai, domin maganar ta yi mana daɗi. In sa'a ce, to ba laifin kowa.

Malamin da ke kula da ƙungiyar yana zaune a gefe yana duba takardun jarrabawa. Bai ko ɗago ba ya ce, "Ku yara, akwai wanda kurarsa ta fi taku lalacewa, kuma da ita ya yi suna. Ku je ku binciko yadda aka yi fim ɗin Jaws. In an dawo hutu ku rabu biyu, 'yan sa'a da 'yan iyawa, ku kawo mini hujja. Kai kuma darakta, ba ka da izinin tafiya sai an gama."

Abin da muka gano ya ba mu mamaki. A shekarar 1974, wani matashin Ba'amurke ɗan shekara 27, Steven Spielberg, ya tafi tsibirin Martha's Vineyard don ya ɗauki fim a kan wani ƙaton kifin shak mai cin mutane. An ƙera masa kifin na inji. Ya dage sai a cikin teku na gaske za a yi aikin, ba a kududdufin kamfani ba. Ruwan gishiri ya riƙa ɓata injin, yau ya nutse, gobe baki ya ƙi rufuwa. Aikin da aka tsara na kwana 55 ya kai kwana 159, kuɗin da aka ware ya ninka har ya kai wajen dala miliyan 9. Shi kansa ya ɗauka daga wannan fim ba wanda zai sake ba shi aiki.

Da kifi ya ƙi aiki, sai ya rage nuna shi. Ya mai da kyamara ta zama idon kifin, tana tasowa daga ƙarƙashin ruwa zuwa ƙafafun masu ninƙaya. Ya ƙara dogara da wasu gangunan roba masu ruwan ɗorawa da aka soka wa kifin: ka ga ganga tana gudu a kan ruwa, ka san abin yana ƙasa. Mai haɗa kiɗa, John Williams, ya sa wani sauti mai amo biyu kacal da ke maimaituwa yana ƙara sauri, wanda da ka ji shi gabanka zai faɗi. Edita, Verna Fields, ta riƙa yanke hoton kifin kafin ido ya gane na bogi ne. Fim ɗin ya fita a watan Yunin 1975, ya zama wanda ya fi kowane fim samun kuɗi a tarihi zuwa lokacin, sai bayan shekara biyu Star Wars na George Lucas ya zarce shi.

Da aka dawo hutu, kowane ɓangare ya ce Jaws nasa ne. 'Yan sa'a, waɗanda daraktanmu ke jagoranta, suka ce to ga shi nan: da injin ya yi aiki, da an nuna kifin roba tun daga farko, mutane su yi dariya kamar yadda aka yi mana. Lalacewar inji ce ta cece shi, kuma ba shi ya lalata shi ba. Sa'a ta fi sammako.

Suka ƙaro hujjoji, kuma ba na wasa ba. Suka ce a duba watan Yunin 1982. Ranar 11 ga wata aka saki E.T., fim ɗin Spielberg na wata halitta mai kirki daga wata duniya da ta yi abota da wani yaro. Iyaye da yara suka yi ta tururuwa gidajen silima. Bayan sati biyu, ranar 25 ga wata, aka saki Blade Runner na Ridley Scott da The Thing na John Carpenter a rana guda. Dukansu ba su yi kasuwa ba. Na Carpenter ma halitta ce daga wata duniyar, amma muguwa mai ban ƙyama, a daidai lokacin da jama'a suka kamu da son mai kirki. A yau ana lissafa fina-finan nan biyu cikin mafiya kyau a irinsu. Ba hoto ɗaya da aka ƙara wa The Thing tsakanin ranar da aka guje shi da ranar da aka fara yabonsa. Ranar fitarsa ce ba ta yi masa kyau ba, kuma ba darakta ne ke da iko a kan abin da wasu za su saki a wannan watan ba.

Suka tafi Indiya, inda iyayenmu suka fi sani. Sholay na Ramesh Sippy, wanda ya fita ranar 15 ga Agustan 1975, ba wanda yake tuna shi ba tare da mugun nan Gabbar Singh ba. Amma ba Amjad Khan aka fara ba wa wannan rawa ba. Danny Denzongpa aka ba, sai ya kasa saboda yana da alƙawarin wani fim da ake ɗauka a Afganistan. Ga shi kuma Ramesh Sippy ɗan furodusa ne, G. P. Sippy, wanda shi ya zuba kuɗin. Suka tambaya: yara nawa ne a Indiya masu basira irin tasa da ba a haife su a gidan furodusa ba?

Sai wata a cikinsu, wadda ta fi kowa lissafi a ajinmu, ta tashi ta je allo. Ta ce a tara mutum 1,024, kowa ya jefa sulai sama. Wanda nasa ya faɗi ta fuskar tambari ya tsaya, saura su zauna. Za a samu kusan 512 a tsaye. A sake jefawa, saura kusan 256. A ci gaba har sau goma, za a iya samun mutum ɗaya da tambari ya fito masa sau goma a jere. Ta ce wannan mutumin za a kira shi gwanin jefa sulai, a yi hira da shi, ya koya wa mutane yadda ake murza yatsa. Dubban mutane ne ke yin fim a duniya, dole a samu 'yan kaɗan da suka ci sau da yawa a jere, mu kuma su kaɗai muke gani. Waɗanda suka zauna tun jifan farko ba wanda ya san sunansu.

Aka yi tsit. Mu 'yan iyawa muka kalli juna, domin ba mu shirya wa wannan ba. Malam ya ce a tashi, a dawo Laraba.

Mun yi kwana biyu muna juya maganar sulan nan, kuma har yanzu mun yarda akwai gaskiya a cikinta. Amma mun gano inda misalin ya gaza. Sulai ba ya koyo. Jifansa na goma daidai yake da na farko. Aikin darakta kuwa ana iya buɗe shi a duba abin da ya yi a kowane mataki, a ga ko akwai dalili.

Da muka duba na Spielberg, sai muka tarar da wani fim da ya yi wa talabijin a 1971, mai suna Duel. Labarin wata ƙatuwar tanka ce da ke bin wani mai ƙaramar mota tana neman kashe shi a hanya, kuma har fim ya ƙare ba a nuna maka fuskar direban tankar sosai ba. Wato shekara uku kafin kifinsa ya lalace, ya riga ya san cewa abin da mutum bai gani ba ya fi tsorata shi. Kafin wannan ma, tun yana yaro yake ɗaukar ƙananan fina-finai da kyamarar babansa. Lalacewar injin ta zo masa ba shiri, amma dabarar da ya fito da ita tana aljihunsa tuntuni. Mu ma ai tamu kurar ta lalace. Muna da kwana huɗu, muna da duhun dare, muna da awakin maigadi. Ba wanda ya hana mu ɓoye ta. Ba mu san ana yi ba ne.

Haka Sholay. A kwanakin farko fim ɗin bai ja mutane ba, masu sharhi suka kushe shi, har masu shi suka zauna suna tunanin sake ɗaukar ƙarshensa don kada jarumin da Amitabh Bachchan ya fito a matsayinsa ya mutu. Suka bar shi yadda yake. Daga baya labari ya bazu baki da baki, fim ɗin ya yi sama da shekara biyar ana nuna shi a silimar Minerva ta birnin Bombay. Sa'a ce ta kawo Amjad Khan ƙofa, amma wani ne ya dube shi, alhali ba a san shi sosai ba, ya ce wannan zai iya. Kuma kafin Sholay, Sippy ya riga ya yi Seeta Aur Geeta a 1972, wanda ya ci kasuwa.

Sai muka kawo James Cameron, ɗan ƙasar Kanada, wanda ya taɓa yin direban babbar mota. Ya koyi dabarun siddabarun fim ta hanyar karatu a laburaren jami'a, sannan ya samu aikin ƙera ƙananan samfuran jiragen sama jannati a kamfanin Roger Corman, mai yin fina-finai da kuɗi kaɗan. Fim ɗin farko da ya ba da umarni, Piranha II, bai yi abin a zo a gani ba. Daga nan sai The Terminator a 1984, Aliens a 1986, Terminator 2 a 1991. Titanic ya ci dala miliyan 200, aka ɗaga fitarsa daga Yuli zuwa Disambar 1997, jaridu suna ta hasashen zai nutse kamar jirgin. Ya zama fim na farko da ya haura dala biliyan ɗaya, ya ci kyautar Oscar 11. Wanda ya karya wannan tarihi shi ne Avatar na 2009, kuma na Cameron ɗin ne. Muka ce in sulai ne wannan, to a duba shi da kyau, wataƙila fuskokinsa biyu duk tambari ne.

'Yan sa'a ba su ba da kai ba. Suka ce in iyawa ce, me ya sami Michael Cimino? Fim ɗinsa The Deer Hunter na 1978 ya ci Oscar biyar, har da na gwarzon darakta. Bayan shekara biyu ya yi Heaven's Gate da wajen dala miliyan 44, abin da ya dawo bai kai miliyan huɗu ba, kuma a 1981 aka sayar da kamfanin da ya zuba kuɗin, United Artists. Iyawar tasa guduwa ta yi cikin shekara biyu?

Wannan tambaya ta kai mu ga abin da ba mu yi tsammani ba. Cimino bai manta yadda ake ɗaukar hoto mai kyau ba. Abin da ya kuɓuce masa shi ne riƙon lokaci da kuɗi: ya yi ta maimaita ɗauka, ana rushe gini ana sakewa, ba mai iya ce masa ya isa tunda ga kyautar Oscar a hannunsa. Spielberg ma ya taɓa shiga irin wannan rami. Bayan nasarorinsa na farko ya yi wani fim mai suna 1941, a shekarar 1979, wanda ya ci kuɗi da yawa, masu sharhi suka caccake shi, kasuwarsa kuma ba ta kai ta na baya ba. Da ya zo yin Raiders of the Lost Ark na 1981, sai ya zana fitowa-fitowa a takarda kafin a kunna kyamara, ya kuma gama ɗauka kafin wa'adi. Ashe iyawar darakta ba ta tsaya ga sanin inda za a ajiye kyamara ba. Ta haɗa da sanin lokacin da za a tsaya, da jin magana, da gyara bayan an sha ƙasa.

Ta kuma haɗa da sanin wanda za ka jawo kusa. Jaws ya ci Oscar uku, na edita da na kiɗa da na sauti, shi kuwa Spielberg ko cikin 'yan takarar gwarzon darakta ba a sa shi ba a shekarar. Star Wars ma editocinsa uku sun ci kyauta, cikinsu har da Marcia Lucas. Sunan darakta ake rubutawa da manyan baƙaƙe, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A nan mai ɗaukar hotonmu ya tuna mana cewa tun ranar da muka ga kwali ya jiƙe ya ce a ɗauki kurar daga nesa da magariba, ba wanda ya saurare shi. Daraktanmu ya sunkuyar da kai.

Malam bai ce wane ɓangare ya ci ba. Abin da ya tambaya shi ne, "A cikin duk abin da kuka lissafa, wanne ne a hannunku?" Muka raba allo biyu. A hagu muka rubuta ruwan sama, da gidan da aka haife ka, da abin da wasu za su saki a watan da kake sakin naka, da abin da zuciyar 'yan kallo ke so a shekarar. A dama muka rubuta inda ka ajiye kwalinka, da yawan abin da ka gwada kafin ranar, da wanda ka saurara, da abin da ka yi bayan an yi maka dariya. Layin hagu gaskiya ne, kuma yana iya kayar da fim mai kyau ko ya ɗaga wanda bai kai ba. A fim ɗaya, ba za ka iya rantsuwa cewa iyawa ce ta ci ba. Sai an jera biyar ko goma ake fara ganin hannun mai aikin.

Mun lura cewa irin wannan gardama muke yi a kan jarrabawa. In sakamakon WAEC ko JAMB ya fito, za ka ji ana cewa wane sa'a ya yi, abin da ya karanta daren jiya shi ya fito. Yana yiwuwa, a takarda ɗaya. Amma wanda ya karanta babi ashirin ya fi wanda ya karanta uku yawan ƙofofin da sa'a za ta iya shigowa ta cikinsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daraktanmu bai tafi ba. Ya ce har yanzu yana ganin rabin abin sa'a ce, amma zai gwada ɗaya rabin. Muka sake ɗaukar labarin kurar, wannan karon tun cikin hunturu, wata shida kafin biki. Ba mu haɗa kura ba sam. Muka sassaƙa tafin ƙafarta a jikin katako muka riƙa dannawa a jiƙaƙƙen yashi. Muka nuna tsinkakkiyar igiya a turke, da awaki suna ja da baya suna kallon wuri ɗaya. Muka liƙa ɓallin madubi biyu a jikin kara cikin duhu, muka haska su da tocila daga nesa. Kukan kurar kuwa, wanda ya shiga cikin kwali bara shi ya yi shi, ya sa kansa cikin bokitin ƙarfe, sau goma sha bakwai kafin mu samu wanda ya yi. Wata safiya kuma hazo ya sauko ya rufe filin ƙwallo har ba a ganin bishiyoyi. Ba mu muka kira shi ba. Amma mai ɗaukar hotonmu ya zo tun bayan asuba da waya cike da caji, muka samu fitowar da ta fi kowace kyau a fim ɗin, yara uku suna shiga cikin fari har suka ɓace.

Ranar bikin bana, ana minti na tara, daidai inda idanu biyu suka bayyana a duhu, janareto ya mutu. Man ya ƙare. Kafin a samo wani an yi kusan minti ashirin, rabin ɗakin sun tafi layin abinci ba su dawo ba. Waɗanda suka tsaya sun kalla har ƙarshe, kuma ba wanda ya yi dariya. Wata 'yar aji ɗaya a layin gaba ta ja hijabi ta rufe fuska, tana leƙe ta gefe. Da aka kunna fitila, wani yaro ya tare mu a ƙofa yana tambaya a ina muka samo kura, kuma wa ya riƙe ta.

Mun kusa cewa janareton nan rashin sa'a ne. Sai muka tuna ba wanda ya je ya duba tankin a cikinmu, alhali ɗakin janareton yana bayan ɗakin taron, taku ashirin. Mu dai bana muke fita, amma mun bar wa 'yan bayanmu littafin ƙungiya. A shafin farko akwai jerin abubuwan da za a duba kafin ɗauka da kafin haskawa. Na ɗaya, kada a ajiye kaya ƙarƙashin rumfar bayan ɗakin gwaje-gwaje. Na biyu, a saurari mai ɗaukar hoto. Na uku, a leƙa tankin janareto, a kuma tanadi galan ɗaya a gefe. Mun bar layuka da yawa ba rubutu, domin mun san za su gamu da nasu.